Burodi da Saifa a Birnin Palermo



Tun ban kai shekara goma ba na san sunan Siƙilliya, amma ban san cewa ƙasa ce da mutum zai iya taka ta da ƙafarsa ba. A zauren mahaifina a Tignère, idan manyan ɗalibai suka sauke Risala da Askari suka buɗe Muhtasar na Shehu Halil, darasin farko shi ne sanin malamai huɗu waɗanda marubucin ya ce zai riƙa nuni ga maganarsu: Lahmi, da Ibnu Yunus, da Ibnu Rushdi, da Maziri. Mu yara muna bakin ƙofa da allunanmu, muna jin Baba yana bayanin cewa Ibnu Yunus mutumin Siƙilliya ne, shi kuwa Maziri sunan wani gari na Siƙilliya ne ya bi shi. A zatona na lokacin, Siƙilliya wata unguwar malamai ce can bayan Masar, inda kowa yake da rawani.

Da na shiga lise a Garwa, malamin labarin ƙasa ya nuna mana taswirar Italiya mai kama da dogon takalmin soja, da wani tsibiri mai kusurwa uku a bakin yatsunsa kamar ana shirin harbinsa. Ya ce sunansa la Sicile, ƙasar lemo da dutse mai aman wuta da 'yan mafiya. Na rubuta, na haddace, na ci jarrabawa, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Makarantu biyu na yi, kowace da taswirarta, kuma ba a sami wanda ya ɗora mini ɗaya a kan ɗaya ba.

Sanadin zuwana can shi ne ƙanena, wanda ya yi karatun aikin jinya a Palermo, babban birnin tsibirin, aka sa bikin kammalawarsu a watan Yuli na 2023. Baba ya tsufa, gwiwoyinsa ba su ɗaukar doguwar tafiya, sai ya ce ni zan wakilci gida. Ba zan cika ku da labarin neman biza a Yawunde ba, wanda ya sani ya sani. Abu ɗaya kawai zan faɗa domin iyayenmu mata su ji. Inna ta ɗaure mini kilishi mai yawa da kwalbar man shanu da zuma, tsarabar ɗanta da ta yi shekara huɗu ba ta gani ba. A filin jirgin da na sauka aka buɗe jakata, aka ɗauke kilishin da man shanun, aka bar mini zumar. Ba zalunci aka yi mini ba, doka ce ta ƙasashen Tarayyar Turai: matafiyi ba ya shiga musu da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu. Amma na tsaya ina kallon kilishin Inna a cikin kwandon shara, kuma har yau ban gaya mata gaskiyar inda ya ƙare ba. To, ga shi yanzu za a karanta mata.

Daga Rum na hau jirgin ƙasa zuwa kudu. Mu da muka saba da jirgin dare na Ngaundere zuwa Yawunde ba ma tsoron doguwar tafiya, sai dai wannan ya yi abin da namu bai taɓa yi ba. Da ya kai bakin teku a Villa San Giovanni, sai aka rarraba taragunsa aka tura su cikin wani ƙaton jirgin ruwa, muna zaune a ciki, aka ƙetare da mu mashigin Messina, aka sake haɗa su a ɗaya gaɓar, tafiya ta ci gaba. Na tuna Asad ɗan Furat, alƙalin Ƙairawan, wanda ya ɗauki Muwaɗɗa daga bakin Imamu Malik a Madina, wanda kuma littafinsa Asadiyya shi ne tushen da Sahnun ya gyara ya fitar da Mudawwana. Shi ne ya jagoranci rundunar da ta sauka a Mazara a shekarar 827, yana dattijo wajen shekara saba'in, kuma a kan wannan tsibiri ya rasu shekara guda bayan haka, lokacin da suka yi wa Sirakusa ƙawanya. Palermo ta shiga hannun Musulmi a 831, ta zauna a hannunsu har 1072 da Normawa suka karɓe ta.

Ranar da nake son ba ku labarinta ita ce ta uku da isata. Ƙanena yana da zirga-zirgar takardu a makarantarsu, sai ya rubuta mini adireshin masaukinsa a wata 'yar takarda, a ƙasa ya ƙara kalmomi biyu na Italiyanci, senza maiale, wato ban da alade. Ya ce: "Hamma, duk inda za ka ci abinci ka nuna wannan. Kuma ka sha ruwa da yawa." Gaskiyarsa ce game da ruwa. Zafin Palermo a wannan wata ya yi daidai da na Garwa a watan Afrilu, kuma ni ɗan tudu ne, wanda ya tashi da sanyin da ke gangarowa daga Cabbal Mbabo.

Na fara da babbar majami'ar birnin. A wurin da take tsaye akwai coci tun da farko, Musulmi suka mayar da shi babban masallacin Juma'a, Normawa suka mayar da shi coci, sa'an nan a 1185 aka rushe aka soma ginin da ake gani yau. A shirayin shiga, ginshiƙi na farko ta hannun hagu yana ɗauke da wani ɗan allo da aka sassaƙa a jikin dutsen, kamar buɗaɗɗen shafi, da rubutun Larabci. Na matsa na karanta: daga aya ta 54 ce ta Suratul A'araf. Masu yawon buɗe ido suna wucewa ta gefena da hulunansu da kwalaben ruwa, ni kuwa na tsaya ina bin haruffan da ido kamar yadda nake bin allo a gaban Baba. Ban ji fushi ba, ban kuma ji alfahari ba. Abin da na ji ya fi kama da abin da mutum yake ji idan ya tarar da ƙwaryar kakarsa a gidan baƙi ana zuba goro a ciki.

Daga nan na haura fadar sarakunan Normawa, inda akwai ƙaramin ɗakin ibadarsu da ake kira Cappella Palatina. Rufinsa na katako aikin masassaƙa Musulmi ne, irin mai ramuka kamar saƙar zuma, kuma a bangon waje akwai rubutu na shekarar 1142 da harsuna uku, Latin da Girkanci da Larabci, game da agogon da sarki Roja na biyu ya sa aka yi. A fadar wannan sarki ne Sharif Idrisi ya kammala littafinsa na labarin ƙasa a 1154, da taswirar da ta sa kudu a sama, arewa a ƙasa, har ya ambaci Kanem da garuruwanta. Wato a taswirar da aka zana a Palermo, mu ne a sama. Bayan wannan zamani al'amari ya juya wa Musulmin tsibirin: daga wajen 1223 sarki Firedarik na biyu ya riƙa kwashe su zuwa Lucera a cikin babbar ƙasar Italiya, kuma a 1300 aka watsa wannan matsuguni ma. Sunaye ne suka rage. Babban titin birnin har yau ana ce masa Cassaro, daga Alƙasar. Unguwar Kalsa daga Alhalisa. Fadar Zisa daga Al'aziz.

Azahar ta gota, ban sa komai a cikina ba sai shayin safe. Ƙafata ta kai ni kasuwar Ballaro, wadda ba ta da nisa da fadar. 'Yan'uwa, idan aka rufe wa mutum ido aka ajiye shi a nan, zai rantse a babbar kasuwar Garwa yake. Lungu ne mai tsawo, rumfuna dama da hagu, kifi a kan ƙanƙara, tumatir da gauta da kankana, masu sayarwa suna kwarara kira da iyakar muryarsu, babura suna kutsawa tsakanin mutane. Akwai 'yan Bangaladash da 'yan Tunusiya da baƙaƙen fata irinmu da yawa. Ibnu Hauƙal, wanda ya ziyarci birnin a 973, ya ce ya tarar da masallatai sama da 300, ya kuma ƙiyasta mutanen da suke salla a masallacin mahauta kaɗai da sama da 7,000. Wannan ya faranta mini rai, domin duk inda Bahaushe ya sauka a Kamaru, daga Tignère har Briketeri ta Yawunde, ba a raba shi da fawa. Ibnu Hauƙal ɗin dai bai ƙaunaci mutanen Palermo ba, har ya ce yawan cin ɗanyar albasa ya dushe musu hankali. Na ga albasar tasu, manya ce jajaye, ban ga laifinta ba.

A wani kwana na kasuwar na ji ƙamshin da ya tsayar da ni. Ɗan shago ne wanda bai fi ɗakin mai shayi ba, babu kujera sai wani dogon katako a jikin bango da mutum uku za su iya jingina. A bakin ƙofa wani dattijo mai farin gashi yana tsaye gaban wata babbar tukunya mai faɗi da aka karkata ta gefe guda. A saman karkatar an tara yankakken nama siriri, baƙi-baƙi. A ƙasan kuma mai ne yake tafasa a hankali. Idan mai saye ya zo, sai ya jawo naman da cokali mai yatsu ya tsoma a man, ya juya, ya cusa a cikin wani kewayayyen burodi mai riɗi a ka, ya matse shi da hannu mai ya tsiyaye, ya matsa lemon tsami, ya miƙa a takarda. Ban buƙaci tafinta ba. Wanda ya tashi a garin shanu ya san saifa da huhu ko a duhu. Wannan ai kayan ciki ne irin na bakin mahauta, wanda muke saye da yamma a zuba mana yaji, aka sa shi cikin burodi kamar pain chargé na bakin tasha.

Sunansa a bakinsu pani ca meusa, burodi da saifa, kuma mutanen Palermo suna ji da shi kamar yadda muke ji da kilishi. Ana cewa asalinsa daga Yahudawa mahautan birnin ne, waɗanda ake biyansu ladan yanka da kayan ciki, su dafa su sayar, kafin a kore su daga tsibirin da dokar 1492. Iri biyu ne: wanda aka sa wa lemon tsami kaɗai sunansa schietta, wato budurwa, wanda aka barbaɗa wa farin cuku kuma maritata, mai aure.

Na fito da takardata na nuna wa dattijon, na nuna tukunyar, na ce: "Maiale?" Ya kaɗa kai da ƙarfi, har da ɗaga hannu, ya ce: "No, no! Vitello." Ya yi kukan ɗan maraƙi don in gane, mutanen da ke wurin suka yi dariya, ni ma na yi. A nan ne ya kamata in faɗi abin da ba ya yi mini daɗin faɗa. Cikin ƙiftawar ido na yi wa kaina karatu: saifa halal ce da nassin hadisi, ita da hanta, naman shanu ne, mutanen nan Ahlul Kitabi ne, aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta yi maganar abincinsu. Ban tsaya tambayar kaina yadda mayankar zamani take kashe dabba ba, alhali na san malamai sun yi doguwar magana a kai, kuma da wani ne ya tambaye ni a gida da na ja shi da nisa. Yunwa mufti ce mai saurin amsa. Na ɗaga yatsa ɗaya, na ajiye kuɗi a kan katako.

Dattijon ya riga ya tsaga burodin sai na ji murya daga cikin shagon, da Hausa:

"Malam, kar ka ci wannan. Kitsen alade ne."

Na waiga. Wani saurayi ne baƙi, dogo, da farin ƙyalle ɗaure a ƙugu, yana tsaye bayan wani kasko na daban. Hulata ce ta tona ni, in ji shi daga baya, domin ba a ɗinka irinta sai a ƙasarmu. Ya yi wa dattijon magana da harshensu da sauri. Dattijon ya dubi tukunyar, ya dube ni, ya dafe goshinsa da tafin hannu, ya mayar mini da kuɗina yana ta maimaita kalmar ban haƙuri. Bai yi mini ƙarya ba. Na tambaye shi nama, ya ba ni amsar nama. Man da ake soya saifar a ciki sunansa strutto, narkakken kitsen alade ne, kuma a wurinsa wannan ba alade ba ne, mai ne kawai, kamar yadda idan aka tambayi Inna ko akwai saniya a miyarta za ta ce babu, alhali ta sa man shanu. Tambayata ce ta gaza.

Domin amfanin ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu masu zuwa Italiya, ga abin da saurayin ya koya mini a tsaye. Kalmar maiale ba ta isa ba. A tambayi strutto, domin yana shiga wasu nau'o'in burodi da kayan zaƙi da soye-soye, kuma ba a ganinsa. A kiyayi lardo da pancetta da guanciale da prosciutto da salame da mortadella, dukkansu alade ne da sunaye daban-daban, kuma mai shago zai iya rantsuwa cewa babu maiale a abincinsa alhali ɗayansu yana ciki. Dunƙulen shinkafar nan soyayye da ake kira arancina, mai kyan gani kamar lemo, sau da yawa akwai irin waɗannan a cikinsa. Wanda yake son nama ya nemi mahautan da suka rubuta halal, suna da yawa a kewayen kasuwar.

Sa'an nan ya ce: "Zo nan, Malam, ga naka." A kaskonsa man tsirrai ne, ya nuna mini galan ɗin in karanta da idona, kuma cokalinsa daban ne. Abin da yake soyawa sunansa panelle. Garin wani wake ne mai kama da gujiya, wanda Larabawa suke kira hummus, ana dama shi da ruwa da gishiri da ɗanyen ganye a kan wuta har ya yi kauri kamar tuwo, a shimfiɗa shi siriri ya huce, a yanyanka, a soya. Mutanen garin suna cewa daga zamanin Larabawa suka gaje shi. Ya jera guda biyar masu zafi a cikin burodin riɗi wanda ya tabbatar mini babu kitse a kwaɓinsa, ya matsa lemon tsami, ya barbaɗa gishiri. Yuro biyu da rabi, wajen sefa 1,640, kuɗin da zai ciyar da mutum uku a wurin mai shayin Tignère. Ɗanɗanonsa tsakanin ƙosai da awara yake, gefensa yana ƙaras-ƙaras, cikinsa laushi. Yaji kawai ya rasa. Na ci biyu, a tsaye, mai yana bin yatsuna.

Kasuwa ta lafa, dattijon ya shiga ciki ya kwanta, sai muka samu sararin gaisawa. Hausarsa ta zangon Kumasi ce, irin wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace a magana ba, shi kuma ya ce tawa tana ƙamshin Fulatanci. Ya bar gida yana da shekara goma sha bakwai, ya bi ta Agadas da Sabha, ya hau kwalekwalen roba a 2016, shekarar da sama da mutum 181,000 suka iso Italiya ta teku, sama da 4,500 kuma suka halaka a wannan hanya. Bai yi dogon bayani a kan tekun ba, ni ma ban tambaya ba. Ya ce dattijon nan ya riƙe shi da mutunci, ya yi masa takardar aiki ta gaskiya, kuma da ita yake sabunta izinin zamansa. Daga albashin yake aika wa mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu.

Da ya ji cewa mahaifina liman ne, sai fuskarsa ta sauya. Ya goge hannunsa a ƙyallen ƙugunsa, ya rage murya.

"Malam, ina da tambaya. Shekara biyar ina ɗauke da ita. Tsohon nan hannunsa ya fara rawa. Da safe ni ke narka kitsen, da dare ni ke wanke tukunyar. Ranar da ba shi da lafiya ni ke tsayawa in sayar. Ban taɓa sa shi a bakina ba, Allah shaida. Ina sauya riga in wanke jikina kafin in yi salla. Amma kuɗin da nake aika wa tsohuwata, da shi take cin abinci, da shi ta yi layya bara. Halal ne?"

'Yan'uwa, na san abin da ke cikin littafi. Na san malamanmu sun tsananta a kan Musulmin da ya yi ƙodago a aikin giya ko alade, kuma na san cinikin najasa bai inganta ba a mazhabarmu. Amsar tana kan harshena, da Larabcinta. Sai na tuna cewa rabin sa'a da ta wuce ni ne na halatta wa kaina burodi da saifa cikin ƙiftawar ido saboda yunwar wuni ɗaya, kuma wannan yaron ne ya riƙe hannuna. Kunya ta rufe ni. Na ce masa: "Ƙanena, ni ɗalibi ne. Zan kai wa Baba tambayarka kamar yadda ka faɗe ta, ba zan rage ba, ba zan ƙara ba, kuma amsa za ta zo maka." Ya ce ya gode. Ya ƙi karɓar kuɗin burodi na biyu.

Ranar Juma'a muka je masallaci tare da ƙanena, wani tsohon coci ne mai suna San Paolino da aka mayar masallaci a 1990, 'yan Tunusiya ke kula da shi. Na duba sahu ban ga saurayin ba. Ƙanena ya ce ranar Juma'a da rana kasuwa take ci, masu irin aikinsa ba kullum suke samun fita ba.

Na dawo gida a watan Agusta, damina ta yi nisa, hanyar Ngaundere zuwa Tignère ta jiƙa motoci suna ta fama. Bayan an gama gaishe-gaishe da kallon hotuna, wata rana bayan la'asar na sami Baba shi kaɗai a zaure, na ba shi labarin ginshiƙin majami'a da na Mazara. Ya yi ta tambaya kamar yaro. Ya tuna mini cewa Ibnu Yunus ya rasu a 451 ta Hijira, kuma saboda ingancin littafinsa Aljami'u malamai suka yi masa laƙabi da mus'hafin mazhaba. Maziri kuma, wanda ya rasu a 536, a Mahadiyya ta Tunusiya ya yi zamansa, shi ne kuma ya fara yi wa Sahihu Muslim sharhi. Sa'an nan na faɗa masa tambayar, na kuma faɗa masa abin da na kusa ci da yadda na yi wa kaina fatawa. Na zaci zai yi faɗa. Bai ce komai a kan nawa ba, wanda ya fi faɗan ciwo.

A kan na yaron kuwa tambayoyi ya jero mini. Idan ya bar aikin yau, takardarsa za ta mutu? Akwai wani aikin da zai samu da irin wannan takarda? Wa ke ciyar da uwar in ba shi ba? Cinikin shagon, na kitsen ya fi yawa ko na waken? Mai shagon zai yarda ya bar shi a kan kaskon wake kaɗai? Wasu na amsa, wasu na ce ban tambaya ba. Ya ce: "Ka tsaya gaban mai tambaya, ka ci abincinsa, ba ka tambaye shi halinsa ba?" Na sunkuyar da kai.

Ya yi sati shida bai ba da amsa ba. Na ga ya sa an sauko masa da littattafai daga saman kanta, na kuma ji ya aika wa wani abokin karatunsa a Garwa. Ranar da ya kira ni, ya riga ya rubuta da ajami a takarda guda, da tawadar da yake rubutun sha. Abin da ke ciki a taƙaice: cewa narka kitsen da sayar da shi ba halal ba ne, kuma kada wani ya ruɗe shi ya ce halal ne, cewa ya roƙi mai shagon ya tsayar da shi a kan kaskon wake da sauran aikin da babu najasa, cewa ya dage da neman wani aiki da gaske, amma kada ya saki wannan ya faɗa titi ba takarda kafin ya kama wani, domin larura ana auna ta da gwargwadonta, cewa ya riƙa fitar da wani abu daga albashinsa ya ba mabukata gwargwadon abin da yake zaton rabon wancan aiki ne, cewa mahaifiyarsa ba ta da laifi a abin da ta ci, kada ya ɗaga mata hankali. A ƙarshe ya rubuta masa addu'a, ya kira shi ɗana.

Na ɗauki hoton takardar na aika wa ƙanena ta WhatsApp, ya buga ta a takarda, ya kai Ballaro a farkon Oktoba. Ya tarar da wani yaro ɗan Bangaladash a bayan kaskon. Dattijon ya ce hannunsa ya ƙi, ya sayar da rabin shagon ga wani danginsa, sabon mai shagon ya zo da mutanensa, saurayin kuma ya tafi tsinkar zaitun a Campobello di Mazara. Lambar wayar da ya bari ba ta shiga.

Da na gaya wa Baba, ya ɗago kai ya ce: "Mazara? Garin Maziri?" Na ce kusa da shi ne ƙwarai. Ya ce: "To, zaitun dai babu najasa a cikinsa." Sai na gaya masa abin da ƙanena ya faɗa mini game da wurin: cewa duk kaka ɗaruruwan 'yan Afirka suke taruwa a can, ana biyansu da yawan akwatin da suka cika, da yawansu suna kwana a bukkokin leda da kwali, kuma a watan Satumba na 2021 gobara ta cinye sansaninsu a wata tsohuwar masana'antar siminti, mutum ɗaya ya ƙone. Baba ya daɗe bai yi magana ba. Da aka kira magariba ya miƙa mini hannu in tashe shi, ya ce in gaya wa ƙanena kada ya yar da takardar.

Tana nan a cikin walat ɗinsa, ninki huɗu. Ya samu aiki a wani asibiti a birnin, kuma duk Juma'ar da ba ya bakin aiki yakan tsaya a ƙofar San Paolino bayan sallama, har sahu na ƙarshe ya fito.